Ɗan Sawaba ko Mai Sassauci: Wa Akwati Yake Ɗauka a Ƙasar Katsina?



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: tsakanin ɗan takara mai sassaucin ra'ayi, wanda yake zaman lafiya da fada da attajirai da malamai, da ɗan takara mai neman a sauya tsari tun daga tushe, wanne ya fi kusa da cin zaɓe? Masana siyasa a Turai da Amurka sun daɗe suna wannan gardama. A 1957 Anthony Downs ya nuna cewa inda jam'iyyu biyu ke fafatawa, kowacce za ta matso tsakiya domin can ne mafi yawan masu zaɓe suke. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da kayen da George McGovern ya sha a Amurka a 1972, inda ya rasa jihohi 49 cikin 50, da na Jeremy Corbyn a Birtaniya a 2019. Ba sai mun je can aron misali ba. Ƙasar nan tamu ta gwada abin da kanta.

An kafa NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba, a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma ba ta ɓoye manufarta ba: 'yantar da talaka daga mulkin En'e, da haraji, da aikin tilas. Jama'a sun saurare ta, wasu sun sha ɗauri da bulala dominta. Amma a zaɓen tarayya na 1959 NPC ta kwashe kujeru 134, NEPU ta tsira da 8. Kada a yi saurin cewa talaka ne ya ƙi ta. Mata ba su yin zaɓe a Arewa a lokacin, ɗan doka da alƙali da gidan yari duk a hannun En'e suke, kuma dagacin da ke karɓar haraji ya san wanda ya je laccar NEPU a garinsa. Ba a auna farin jinin ra'ayi a irin wannan fili.

Gwajin gaske ya zo a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Alhaji Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN, ɗan ƙasar Katsina, a takarar gwamna. A Kano Abubakar Rimi na PRP ya yi nasara. Gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali, kuma dattawan da ke zaune a nan sun san abin da wannan ya sauke daga wuyan manomi da makiyayi, musamman Bafulatanin da a da yakan kora shanunsa daji da asuba idan ya ji masu ƙidaya sun doso ruga. To amma a dubi yadda nasarar ta zo. Masu zaɓen da suka ba Balarabe gwamna su ne suka cika Majalisar Dokoki da 'yan NPN, suka kuma ba Shehu Shagari rinjaye a jihar a zaɓen shugaban ƙasa. Ke nan ba PRP ce ta mamaye Kaduna ba. NPN ta samu ɓaraka a cikin gida, magoya bayan sauran jam'iyyu suka haɗa ƙuri'unsu wuri ɗaya. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ya yi mulki babu su, sannan ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin, a 1983 kuma Lawal Kaita ya hau kujerar da ta kuɓuce masa. PRP ɗin kanta ta dare gida biyu, santsi da taɓo, kan yadda za a zauna da gwamnatin NPN da sauran jam'iyyu.

Malam Aminu Kano kuwa, ɗan takarar shugaban ƙasa na PRP, jiha ɗaya tak ya ci a 1979, wato Kano. Shekara arba'in da huɗu bayan haka Rabi'u Musa Kwankwaso ya maimaita: ya ci Kano, ya kafa gwamna a Kano, ya tashi da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da rabi a faɗin ƙasa. Nan ne nake ganin lagon maganar. Ra'ayin sauyi yana iya tara ƙuri'a tsibi guda, amma tsarin mulkinmu baza ta yake nema. Mai son shugabancin ƙasa sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, mai son gwamna sai ya samu haka a ƙananan hukumomi, mu kuma 34 gare mu. Wanda ya cika akwatunan Funtuwa da birnin Katsina bai gama aiki ba, yana buƙatar wanda zai tsaya masa a Safana da Baure da Kurfi, kuma masu irin wannan tsayuwar galibi su ne mutanen da yake suka a kan dandamali.

Tarihin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fi kowane bayani. Yana malamin makaranta ya shiga PRP, alhali mahaifinsa jigo ne a NPN. A 1991 ya tsaya gwamna a SDP, wadda gwamnatin Babangida ta ce ta ɗan karkata hagu, Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Sai a 1999 ya ci, a PDP, jam'iyyar da ta tara tsoffin 'yan NPN da tsoffin 'yan PRP da tsoffin hafsoshi a inuwa ɗaya. Halinsa bai sauya ba, ya bayyana dukiyarsa a fili, ya riƙe baitulmali da kyau. Motar da ya hau ce ta sauya. Haka Muhammadu Buhari: talakawa sun ba shi ƙuri'a sama da miliyan 12 a CPC a 2011, suka kasa, suka tsare, suka raka, bai ci ba. Da aka yi haɗakar APC a 2013, ya zauna da Bola Tinubu da gwamnonin da suka fice daga PDP, sai ya ci a 2015 da miliyan 15 da 'yan kai. Ko a maƙwabta, Mahamadou Issoufou na PNDS Tarayya ya faɗi sau huɗu kafin ƙawance ya kai shi fadar Yamai a 2011.

Wani zai ce to ai sassauci ne ya ci. Ban yarda gaba ɗaya ba. Mai sassauci zalla, wanda ba a san shi da tsayawa kan komai ba, ba ya fitar da tsohuwa ta bi layi cikin rana. Jam'iyyun tsakiya sun sha aron sunan mutumin da talaka ya amince da shi domin su ci, a 2015 da 2019 ma har da waɗanda ba a san su ba suka haye albarkacin "sak", wato a zaɓi jam'iyyar Buhari daga sama har ƙasa. A 2023, da Buhari ya bar takara, Atiku Abubakar na PDP ya ci Katsina da ɗan ƙaramin rata, makonni kaɗan bayan haka Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya ci gwamna. Mutanen nan ɗaya ne, kuma ba ra'ayin hagu ko dama suka sauya cikin wata guda ba. Tsadar taki, ƙarancin takardun Naira, da 'yan bindigar da suka hana noma a Batsari da Safana da wasu sassan Kurfi, su ne abin da ake tattaunawa a majalisar ƙofar gida a lokacin.

Akwai kuma matakin da mai zaɓe ba ya gani. Kujerar sanatan Katsina ta Tsakiya tana hannun Kabir Abdullahi Barkiya daga 2019, a 2023 ta koma hannun Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa, duk a APC. An yanke wannan tun kafin a kafa rumfa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu zaɓi uku: 'yar tinƙe, daliget, ko sasanci. Inda daliget 'yan ɗaruruwa ne ke yanke hukunci, aka killace su a masauki daren jajiberi, malamin makarantar da ke da ra'ayi da jama'a amma ba shi da kuɗin fom ba zai ga ko ƙofar zauren ba. Saboda haka ina roƙon ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Isa Kaita su fara binciken daga can: su tattara sunayen waɗanda suka nemi tikiti a mazaɓar Dutsin-Ma da Kurfi tun 1999, su ga su wa aka tace, da wace hanya aka tace su.