Sani da Ilimi: Abin da Mutanen Hangari Suka Yi da Harshensu

Lacca ce da aka gabatar gaban malamai da ɗalibai a Gumel

  

An nemi in yi magana a kan kalmomin ilimi a Turanci da takwarorinsu a harshen mutanen Hangari. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan mutumin Gagarawa da Hangari? Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna. Ƙasa ce a tsakiyar Turai da mutanenta ba su cika miliyan 10 ba, masu jin harshen kuwa a duk duniya ba su wuce kimanin miliyan 13 ba, wato masu jin Hausa sun ninka su sau da yawa. Harshen ba dangin Turanci ba ne, ba kuma dangin Jamusanci ko Rashanci ba. Danginsa na nesa su ne harsunan Finlan da Istoniya. Amma da shi yaro yake koyon lissafi a firamare, da shi yake karatun likita a jami'a. Katalin Karikó, wadda ta sami kyautar Nobel a 2023 saboda binciken da ya buɗe hanyar wasu alluran rigakafin korona, a Jami'ar Szeged ta ƙasarta ta yi karatu har digirin digirgir.

Bature yana da kalmarsa ta gado, know, wadda ya gina knowledge a kanta. Amma da ya zo ga binciken da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje sai ya aro science, wadda asalinta Latin ne, ta bi ta Faransanci ta iso masa. Mutumin Hangari tushe ɗaya ya riƙe. Tud shi ne ya sani. Tudás sani ne, tudós masani, tudomány kuma ita ce kimiyya. Yana da wata kalmar daban, ismer, ta sanin mutum ko wuri, irin abin da muke cewa sanayya. Saboda haka yaron da ya ji kakarsa ta ce ta san yadda ake dafa miya, ya je makaranta aka ce yau za a yi kimiyya, sauti ɗaya yake ji a bakin kakar da bakin malamin.

Mu a nan mun fi kama da Bature. Muna da sani, kalma mai 'ya'ya da yawa: masani, masaniya, sanarwa, sananne, sanayya. Sai dai da muka zo ga abin da ake samu a gaban malami, sai muka aro ilimi daga Larabci. Hikima, basira, fahimta, fasaha, hankali, duk daga can suke. Kimiyya ma a Larabci sunan fanni ɗaya ne, na harhaɗa sinadarai, mu ne muka shimfiɗa ta ta rufe sauran. Mu mutanen ƙasar Gumel kuma muna da namu hannun a cikin wannan aro. Masarautar nan Mangawa ne suka kafa ta, fadarta ta zauna a Tumbi da ke cikin Nijar yanzu kafin ta dawo Lautai, wato garin Gumel, kuma Borno ta bi, ba Sakkwato ba. A 1960 masanin harsuna Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka shigo Hausa. Idan haka ne, ta irin hanyoyin da suka ratsa ƙasar nan suka wuce yamma.

Aro ba laifi ba ne, duk harshen da bai yi aro ba, to ba ya fita kasuwa. Damuwata ita ce rabon gadon da muka yi wa kalmomin biyu. Ilimi mun ba shi makarantar allo da zaure da boko. Sani mun bar shi a gona da kara. Ku je Maigatari ranar Alhamis ku tsaya kusa da dillalin shanu. Zai buɗe bakin bijimi, ya dubi haƙora, ya faɗi shekarunsa. Daga nesa zai raba muku Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak, a tumaki ya raba Uda da Balami da 'Yankasa. Ya san alamar sammore, ya san ciwon hanta, ya san dabbar da ta sha doguwar tafiya daga Damagaram da wadda aka turke aka yi wa kiwon gida. Idan ya yi kuskure, aljihunsa ne zai biya. Manomin Sule Tankarkar ya san abin da jigawa take so da abin da fadama take so, ya san gonar da ƙuduji ya kama ta gaji, ya san bambancin lokacin gero da na maiwa. Amma a tambaye shi, zai ce da bakinsa, ai ni ban yi ilimi ba. Ɗansa kuma ya shiga aji ya haddace sunan ƙuduji da Latin, ya ci jarrabawa, bai taɓa gane cewa ciyawar da yake tugewa a gonar babansa ake nufi ba.

To, kada ku ɗauka mutanen Hangari haka suka tashi suka tarar da harshensu a shirye. Tudomány tsohuwar kalma ce a wurinsu, amma dubban kalmomin da ake buƙata don a koyar da ita babu su. Har cikin ƙarni na 19 Latin ne harshen mulki da shari'a da manyan makarantu a ƙasar. A 1784 Sarki Joseph na Biyu, mai mulkinsu daga Biyana ta Ostiriya, ya ba da umarni a koma Jamusanci a ofisoshi. Ya janye umarnin a 1790 yana gab da rasuwa, amma tsoro ya riga ya shiga. A 1791 kuma masanin nan Bajamushe, Herder, ya yi hasashen cewa nan da wasu ƙarnoni mai yiwuwa a nemi harshen a rasa. Wannan magana ta yi musu zafi ƙwarai.

Wanda ya ja ragamar gyaran shi ne Ferenc Kazinczy, an haife shi a 1759, ya rasu a 1831. Ya yi zaman kurkuku daga 1794 zuwa 1801 bisa zargin shiga wata ƙungiyar masu neman sauyi. Da ya fito sai ya koma ƙauye, wurin da ya sa wa suna Széphalom, ba ofis, ba albashin kirki, ya dinga rubuta wa marubutan ƙasar wasiƙu yana gyara musu, yana zuga su, yana faɗa da su. Wasiƙun nan da aka tattara sun haura juzu'i 20. Shi da mutanensa sun tono tsofaffin kalmomi da aka manta, sun ɗauko na karkara, sun fassara na Jamusanci gaɓa-gaɓa, sun ƙera sababbi ta hanyar ɗafi. Ana ƙiyasta cewa kimanin kalmomi dubu 10 na wancan zamani suna raye har yau. Kalmarsu ta adabi, irodalom, a lokacin aka gina ta daga aikatau na rubutu.

An yi musu dariya sosai. A 1813 abokan hamayya suka fitar da wani ɗan littafin ba'a mai suna Mondolat, suka cika shi da ƙirƙirarrun kalmomi don mutane su ga wauta. Wasu kalmomin kuwa sun cancanci dariyar. Masu harhaɗa sinadarai sun raɗa wa kowane sinadari sunan gida: iskar da muke shaƙa mu rayu suka ce éleny, daga kalmar rayuwa. Ba ta yi ƙarko ba, yau oxigén suke cewa kamar kowa. Amma sunan da suka ba zaiba, higany, yana nan daram. Likita Pál Bugát ya ƙera kalmomi masu ɗimbin yawa, da yawansu suka mutu, waɗanda suka tsira kuwa, irin su láz, wato zazzaɓi, yau ba wanda yake tuna cewa wani ne ya zauna ya tsara su.

Abin da ya raba mai rai da matacciya shi ne abin da na zo faɗa. A 1825 wani basarake, István Széchenyi, ya miƙe a majalisar ƙasar ya ba da kuɗin shigar gandayensa na shekara guda don a kafa cibiyar masana da za ta kula da harshen. Cibiyar ta fitar da ƙa'idojin rubutu a 1832. A 1844 doka ta mai da harshen na hukuma. Daga nan aka rubuta littattafan makaranta da shi, aka yi shari'a da shi, aka yi jarrabawa da shi. Kalmar da malami ya maimaita a aji shekara da shekaru, ɗalibi ya rubuta ta don ya ci jarrabawa, ita ce ta rayu. Wadda ta tsaya a cikin jerin da wani masani ya buga, a nan aka binne ta.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba na so mu kwaikwaya. Da harshensu ya yi ƙarfi, sai suka shiga tilasta shi a kan Sulobak da Romaniyawa da sauran ƙabilun da ke ƙarƙashinsu, abin da ya bar ƙiyayya mai tsawo. Mu da muke zaune a masarautar da Mangawa suka kafa, ga Fulani a rugage kewaye da mu, mun san yadda Hausa take haɗiye harsunan maƙwabta ko ba doka. Wanda yake kukan Turanci ya danne shi, ya duba ƙarƙashin ƙafarsa.

Mu dawo gida. Ba rashin ƙamus ne ciwonmu ba. Bargery ya buga nasa a 1934, Abraham a 1949. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. A shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta sa an tattara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa wanda bayaninsa duka da Hausa ne. To, a cikin duk wannan aiki, waɗanne kalmomi ne suka kama ƙasa?

Ku ɗaliban sashen Hausa kun fi kowa sanin amsa. Aikatau, bayanau, wakilin suna, ƙirar kalma, ginin jimla, tsarin sauti: kakanninku ba su san su da wannan ma'ana ba, amma ku kuna faɗarsu ba tare da kun ji wani baƙon abu a baki ba. Dalili kuwa, da Hausa ake koyar da nahawun Hausa, da ita ake tambaya a jarrabawa, da ita ake amsawa. Sai kuma kalmomin 'yan jarida. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da sashen Hausa na BBC a 1957, aka yi ta maimaita Majalisar Ɗinkin Duniya, da zazzaɓin cizon sauro, daga baya sauyin yanayi, har tsohuwa a ƙauye ta riƙe. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa, duk kyanta, kwamfuta ta kayar da ita a bakin matasa, kuma ni ban ga abin kuka a nan ba. Kalmomin kimiyyar firamare da aka tattara fa? Ku tambayi malamin aji uku a Gagarawa ko ya taɓa ganin littafin. Yana bayani da Hausa don ya san yaran ba sa jin Turanci, ya rubuta a allo da Turanci don da shi za a yi jarrabawa, kalmomin fannin kuma ya bar su yadda suke, tunda ba wanda ya ba shi na Hausar. Yaro ya tashi ba wan ba ƙanen.

Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Kafin nan ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur a Ile-Ife, suka rubuta littattafan da kansu, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A 2022 gwamnati ta sanar da cewa za a yi firamare duka da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma aka soke, aka ce yara suna faɗuwa jarrabawa. Ni a ganina an yanke wa manufar hukunci ne alhali ba a taɓa ba ta littafi da malami da takardar jarrabawa ba. A tsallaken iyaka kuwa, inda yaro yake zuwa lakwal ya gaida mushe, Nijar ta fara gwajin makarantun Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, a 2025 kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Nan gaba kaɗan za su buƙaci kalmomin nan da muke buƙata. Idan kowa ya ƙera nasa shi kaɗai, ɗan Maigatari da ɗan Dungas, da suke cin kasuwa ɗaya, za su wayi gari da sunaye biyu na abu ɗaya.

Canza manufar ƙasa ba a hannunmu yake ba. Amma Kwalejin Ilimi ta garin nan tana yaye malaman da suke shiga azuzuwan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma ba dokar da ta hana malamin aikin gona da malamin Hausa su zauna a tebur ɗaya. A tura ɗalibai, a matsayin aikinsu na kammalawa, su zauna da dillalai da makiyaya da manoman riɗi da zoɓo, da unguwarzoma da maƙera, su rubuto sunayen cututtuka da na ƙasa da na sassan jikin dabba kamar yadda masu abin suke faɗa. Malamin kimiyya ya tantance wanne ya dace da abin da ke cikin manhaja, ya kuma nuna inda mai gona ya yi daidai da inda ya kauce, don ba duk abin da aka gada ne gaskiya ba. Inda babu kalma, a aro ta Turancin a rubuta ta da bakin Hausa, ba kunya. Sannan a buga darussa goma ko ashirin, ko da a 'yan takardu ne, a ba ɗaliban da za su fita koyarwar gwaji, su dawo su faɗi kalmar da yara suka kama da wadda suka yi wa dariya. Wadda aka yi wa dariya a cire ta, ko da farfesa ne ya ƙirƙiro ta.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Malaman sashen kimiyya da na hango suna girgiza kai tun ɗazu, su nake so su fara yi mini tambaya.