Saiwar Matauni da Hatsarin Cire Shi da Ka

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Abin da ido ke gani na haƙori bai kai rabinsa ba. Sauran yana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, shi ne saiwa. A cikin kowace saiwa kuwa akwai kafa siririya kamar zare, wadda jijiya da jini ke bi. Maganar yau a kan matauna na ƙasa ce, watau manyan haƙoran tauna na can ciki, gama su ne suka fi kai mutane ga mai cire haƙori.

Matauni na farko yakan fito yaro yana wajen shekara 6. Galibi saiwarsa biyu ce, ɗaya gaba ɗaya baya, kafofinsa uku, biyu a ta gaba, ɗaya a ta baya. Amma fa galibi aka ce. Sau da yawa akan tarar da kafa huɗu. Wani kuma yana da saiwa ta uku ɓoye ta wajen harshe, ga ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Wani likita na birnin Biyana, Carabelli, ya bayyana ta tun 1844. Abin ya danganta da zuriya: a mutanen Sin da Eskimo akan same ta ga mutum 1 cikin 5 ko fiye, a mutanen Afirka kuwa kamar 3 cikin 100. Kaɗan ne, amma a gunduma mai mutum 50,000 kaɗan ɗin nan ya kai 1,500, ba kuwa wanda aka rubuta masa a goshi.

Matauni na biyu shi kuma wani lokaci saiwoyinsa kan manne, kafofin su haɗu su zama tsaga guda mai siffar jinjirin wata. Cooke da Cox suka kwatanta wannan a 1979.

Don haka ne likitan haƙori ba ya taɓa matauni sai ya ɗauki hotonsa. In zai ceci haƙorin ne, sai ya wanke kowace kafa ya toshe ta. Wadda ya manta, nan ƙwayoyin cuta za su zauna, ciwo ya komo. In cirewa ce, yakan raba haƙorin, ya zare saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. Mai awartaki a kasuwa, komai daɗewarsa cikin sana'a, ba shi da hanyar sanin abin da ke ƙarƙashin dasashi. Ya ja da ƙarfi, lanƙwasasshiyar saiwa ta karye ta zauna ciki, shi da mai haƙori duka suna tsammani an gama.

To, ga inda abin ya shafi rai. Saiwoyin matauna na biyu da na uku suna da zurfi ƙwarai, saboda haka ruɓarsu takan gangara ƙarƙashin harshe da haɓa. Wurin ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗaga, numfashi ya toshe. Ludwig, likita a Jamus, ya bayyana wannan a 1836, kuma yana iya kashe ƙato cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka ana roƙon hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni, malamai kuma su sa cikin takardun da ake aikawa ƙauyuka: duk wanda haɓarsa ta kumbura bayan ciwon haƙori, ko ya kasa buɗe baki, ko haɗiye yawu ya gagare shi, a kai shi asibiti ran nan, ko da dare ne, kada a jira ranar kasuwa.