Matan da Suka Riƙe Doha

Idan ana ba da tarihin Doha, babban birnin Qatar, akan fara da lu'ulu'u, a ƙare da man fetur. Ba kasafai ake ambaton uwargida ba. Alhali kuwa a da, maza kan shafe kimanin wata huɗu a teku suna nutson lu'ulu'u, gari ya koma hannun mata: su ne ɗibar ruwa, su ne jinya, su ne tarbiyya.

Da lu'ulu'un da Japan ke kiwatawa ya karya kasuwa a shekarun 1930, sai talauci ya sauka, iyalai da dama suka yi ƙaura. Cikin wannan ƙunci ne Amina Mahmud al-Jaida ta mai da gidanta makarantar Alƙur'ani ta 'yan mata a 1938.

Yarinyar da ta zauna kan wannan tabarma ta ga fara fitar da mai a 1949, ta ga 'yancin kai a 1971, ta tsufa a sabuwar unguwa bayan gari, jikokinta suna jami'a. Kuɗin mai ya gina benaye, amma ita ta raini mazauna cikinsu. Ire-irenta kaɗan suka rage. In ba a ɗauki labarinsu yanzu ba, zai bi su kabari.