Kuroton: Dashensa Da Kula Da Shi Cikin Hunturu

Shugaba, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata, an ce in ɗan yi magana kan shukar nan mai ganye ja da ɗorawa da kore, wadda masu saida fulawa a bakin titi ke kira kuroton. Tun da aka dawo da babban birni nan Abuja a 1991, da wuya ka shiga ofis a Garki ko Wuse ba ka gan ta a ƙofa ba.

Asalinsa daga Indunusiya da Maleshiya ne, ƙasashen ruwa da laima. To, ku riƙe wannan, don nan matsalar take. Daminarmu, daga Afrilu zuwa Oktoba, ta yi masa daidai. Abin da ke kashe shi hunturu ne. Mutum ya saya da tsada a watan Disamba, iska ta busa sati biyu, ganye ya zube, sai ka ji ana cewa mai fulawa ya yi cuta. A'a, lokacin ne bai dace ba.

Kuma ba dole sai an saya ba. Ɗan'uwan rogo ne da aguwa, yadda ake dasa su haka ake dasa shi. Ka roƙi maƙwabci reshe kamar taƙi ɗaya, ka cire ganyen ƙasa, ka soka cikin leda mai ƙasa da yashi da busasshen kashin shanu, ka ajiye a inuwa. Cikin sati 4 zuwa 6 ya yi saiwa. Wanda ke gidan haya a Kubwa ko Nyanya ya sa a tukunya mai huji a gindi, ranar tashi ya ɗauki abinsa.

Launin nan kuwa rana ce ke fito da shi. A inuwa sosai sai ya koma kore zalla. Ranar safe ta fi masa, a jikin katangar da ke tare iska. Da hunturu a ba shi ruwa da zarar saman ƙasa ya bushe, a riƙa wanke ganyen har bayansa, saboda ƙura da ƙananan ƙwarin da ke yi masa saƙa.

Iyayenmu mata, don Allah a kula: ruwan jikinsa na sa ƙaiƙayi, in an tauna yana ɓata ciki. A nisanta shi da yara da awaki, wanda ya yanka kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido.