Ƙurar Asbestos da Tarin da Ba Ya Jin Magani

(Jawabin da ma'aikacinmu na raya karkara ya yi wa wakilan ikilisiyoyin ƙauyuka a Trikania, Kaduna)

 

Ni ba likita ba ne. Aikina rijiya ne da gini da tsabtar muhalli, kuma ta wajen gini ne wannan magana ta same ni. Ku ɗaga kai ku dubi silin na tsohuwar majami'arku ko na makarantar firamaren garinku. Yawancinmu mun san wannan farin allon da ake kira asbestos, da kuma kwanon rufi mai kauri, launin toka, wanda ba ya tsatsa kuma ba ya zafi kamar kwanon ƙarfe. An kafa kamfanin Nigerite na Ikeja tun 1959, daga baya aka kafa masana'antu irinsa a wasu garuruwa, har da Bauchi da Kano. Siminti ake kwaɓawa da wani zare da ake haƙowa daga cikin dutse. Wannan zaren shi ne ainihin asbestos. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa. Abin da ya sa magina suka so shi ke nan, kuma shi ne ya sa jikin mutum ba ya iya narkar da shi idan ya shiga.

Zaren ya fi gashin kai siriri nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa. Idan aka yanka allon, ko aka huda shi, ko ya farfashe, zaren ya kan tashi cikin iska, mutum ya shaƙa bai sani ba. Wani ya kan wuce har ya kai ga tantanin da ya lulluɓe huhu, ya maƙale a can. Ya kan zauna shiru shekara 20, 30, har 50, kafin ya haifar da wani irin ciwon daji da likitoci ke kira mesotiliyoma. Wannan dogon jiran shi ne babbar matsalar. Wa zai tuna da aikin da ya yi yana saurayi, a lokacin da ya ke goyon jikoki?

Ga dalilin da ya sa na ga ya kamata a yi wannan magana a nan Trikania. Kakuri na nan kusa da mu. Tun da aka buɗe masaƙar farko ta Kaduna a 1957, dubban iyayenmu daga ƙauyuka suka zo neman aiki a wannan gefen kogi: wasu a masaƙu, wasu a jirgin ƙasa, wasu kafintoci, wasu magina, wasu kanikawa. A wancan zamani, ko'ina a duniya, da asbestos ake naɗe tukunyar tururi da bututun ruwan zafi, kuma da shi ake yin takalmin burkin mota. Da masaƙu suka rurrufe daga 2002 zuwa 2007, da yawa suka kwashe kayansu suka koma gida noma. Suna cikin ikilisiyoyinku yau, wasunsu ma dattawa ne. Akwai kuma waɗanda suka kwashe ɓaraguzan gidajen da aka ƙone a rikicin 2000 da na 2002, da hannu da shebur, cikin toka da ƙura. Ba na so in tayar da tsohon miki, amma shekarun sun haura 20, ya kamata masu wannan aikin su sani.

Kada mu manta da mata. An sha samun wannan ciwo a jikin matar da ba ta taɓa taka masana'anta ba, ita dai ce mai kakkaɓe kayan aikin maigida kafin ta wanke.

To, yaya ake gane shi? Yawanci da haki ya ke farawa. Mutumin da ya saba yin huɗa tun safe har rana ta take, sai ka ga ya yi kunya biyu ya tsaya yana neman numfashi. Hawan ɗan tudu ya zama aiki. Dalili shi ne ruwa na taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari, yana matse huhun, ya hana shi buɗewa. Sai kuma ciwon ƙirji, galibi a gefe ɗaya, ba mai suka kamar allura ba, wani nauyi ne mai naci da ba ya tafiya, wani lokaci ya bi ta kafaɗa ko baya, ya hana barci. Akwai busasshen tari mai daɗewa, da gajiya, da rashin son abinci, da rama ba tare da dalili ba, har wando ya riƙa zamewa. Wasu su kan yi gumi da dare har tabarma ta jiƙe, ko zazzaɓi mai zuwa yana komawa. A wasu kuma kan yatsu ya kan kumbura, farce ya lanƙwashe. Idan a tantanin ciki ciwon ya kama, ciki ne zai kumbura da ruwa, da ciwo, da tashin zuciya, da rikicewar bayan gida.

Na ga wasu iyaye mata suna gyaɗa kai, na kuma san abin da ke ransu: ai wannan tarin tibi ne. Gaskiyarku. Alamun sun yi kama ƙwarai, kuma a ƙasarmu, idan mutum ya zo da irin waɗannan alamu, tibi ne aka fi samu nesa ba kusa ba. Mesotiliyoma ba ciwo ne mai yawa ba. Saboda haka duk wanda ya yi tari na mako biyu, ya fara zuwa a gwada kakinsa. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, kuma tibi na warkewa idan aka sha magani wata shida ba fashi.

Inda na ke so ku buɗe kunne shi ne nan: mutum ya yi gwaji ba a ga tibi ba, ko kuwa ya sha magani wata biyu, wata uku, yadda aka ce, amma sai ƙara ramewa ya ke yi. Ko an zuƙe masa ruwa daga ƙirji, bayan 'yan makonni ruwan ya dawo. Ta haka ne ma duniya ta gane ciwon. A Afirka ta Kudu, a wani asibitin masu tibi a garin Kimberley, likitoci sun lura cewa wasu majinyata ba sa samun sauƙi ko kaɗan, alhali 'yan'uwansu na warkewa da magani iri ɗaya. Da aka bincika, sai aka ga daga yankin da ake haƙar shuɗin asbestos suka fito. A 1960 wani likita mai suna Wagner da abokan aikinsa suka buga rahoton mutum 33 masu wannan ciwo, kusan dukansu sun taɓa zama ko aiki kusa da asbestos. Wasu ba ma'aikata ba ne ma, tun suna yara suka yi wasa a kan tulin sharar ma'adinin. Ingila ta hana amfani da asbestos gaba ɗaya a 1999, Afirka ta Kudu a 2008, kuma ƙasashe fiye da 60 sun hana shi.

Idan kun kai Baba asibiti, likita zai tambayi inda ke masa ciwo. Ba lallai ya tambayi aikin da ya yi a 1978 ba, ga layi a waje. Ku ne za ku faɗa. Ku ce, "Likita, Baba ya yi shekara goma sha biyu yana gyaran tukunyar tururi," ko "kafinta ne, ya daɗe yana yanka silin da zarto." Wannan magana ɗaya na iya sa a ɗauki hoton ƙirji, a gwada ruwan, a tura shi babban asibiti kamar Barau Dikko a nan Kaduna ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ba a tabbatar da ciwon sai an ɗebi ɗan ƙaramin nama daga tantanin an duba shi.

Ba zan ɓoye muku ba, ciwo ne mai tsanani. Yawanci ba a warkar da shi, kuma da yawa ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu bayan an gano shi. Wani zai ce to mene ne amfanin sani? Akwai amfani. Za a iya cire ruwan mutum ya yi numfashi ya yi barci. Akwai maganin rage zafi, akwai kuma magungunan daji da ke ƙara wa wasu kwanaki. Iyali kuma za su daina sayar da awaki da hatsi suna yawo daga wannan mai magani zuwa wancan. Sa'an nan a daina zargin kishiya ko maƙwabci da sammu. Ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka babu dalilin ware wa majinyaci kwano ko hana jikoki shiga ɗakinsa. Taba ba ta kawo wannan ciwo, amma wanda ya shaƙi asbestos kuma yana shan taba, haɗarin kamuwa da dajin huhu ya ninku masa sosai. Ya bari.

Yanzu ga abin da ke hannunmu. Kada kowa ya koma gida ya ce yau sai an tsige silin. Allon da ke zaune lafiya, bai fashe ba, bai ruɓe ba, haɗarinsa kaɗan ne. A shafa masa fenti a bar shi. Haɗarin yana wajen taɓa shi. Na kan ji tsoro idan na ga an kira aikin gayya don sauya rufin majami'a, matasa na sama suna jefo tsohon allo ƙasa yana tarwatsewa, mata na bi da tsintsiya, yara na tsince gutsattsarin. Mu ma muna yara mun jefa irinsa cikin wuta don mu ji ƙarar fashewarsa, ba wanda ya san ya hana mu.

Idan ya zama dole a sauke shi, a jiƙa shi da ruwa sosai, a kwance ƙusoshi, a sauko da shi ɗaya ɗaya ba tare da an fasa ba. Ban da zarto, ban da injin yanka. A kori yara daga wurin. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan zaren, sai takunkumi na musamman mai matata. A goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, a naɗe gutsattsarin cikin leda mai kauri, a binne shi da zurfi inda ba za a yi noma ko haƙa rijiya ba. Kada a cike ramin hanya da shi, kada a yi murhu ko akurkin kaji da shi. Kayan da aka yi aikin da su a tuɓe su a wurin, a jiƙa su, kada a kai wa uwargida ta kakkaɓe. Yawancin allunan da ake yi yanzu ba su da wannan zaren ko da ya ke a kasuwa har yau asbestos ake ce musu, amma na tsohon gini, ku ɗauka yana da shi.

Roƙona ga sakatarorin ikilisiya: idan kun koma, ku zauna da dattawan da suka yi aiki a birni, ku rubuta wa kowa irin aikin da ya yi, da wurin, da shekarun, a ɗan kati ya ajiye tare da katinsa na asibiti. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da layin iyaye mata.