Tumbuɗin Jariri da Na'urar Gadin Numfashi: Abin da Ya Kamata Iyaye da Ikilisiya Su Sani

Maganar da muka kawo yau ta shafi jaririn da nono ba ya zama a cikinsa, da kuma jaririn da aka sallamo daga asibiti tare da na'ura mai gadin numfashinsa. Sau da yawa matsalolin biyu suna haɗuwa a kan yaro ɗaya, musamman bakwaini. Mu ba likitoci ba ne, kuma wannan jawabi ba zai maye gurbin ganin likita ba. Amma mu ne muke shiga gidajen nan da ziyara, mu ne kuma ake tambaya shawara, saboda haka wajibi ne shawarar da za ta fito daga bakinmu ta zama daidai.

Mene ne tumbuɗi?

A ƙarshen hanyar abinci, daidai ƙofar tumbi, akwai wata tsoka da take tsukewa bayan abinci ya wuce. A jikin jariri wannan tsoka ba ta gama ƙwari ba. Ga tumbinsa ƙarami, ga abincinsa ruwa ne zalla, ga shi yawancin yini a kwance yake. Don haka nono yakan dawo sama ba tare da yaro ya yi yunƙurin amai ba. Hukumar NICE ta ƙasar Ingila, a jagorar da ta fitar a 2015, ta ce aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna yin haka, abin yakan fara kafin mako 8, kuma 9 cikin 10 na masu yi sun daina kafin su cika shekara. Yakan fi yawa wajen wata 4, ya riƙa raguwa idan yaro ya fara zama ya fara cin abinci mai kauri.

Idan yaro yana tumbuɗi amma yana shan nono da kyau, yana jiƙa ƙyallensa, nauyinsa kuma yana ƙaruwa a katin awo, to wanki ne kawai ya ƙaru wa uwa. Ba laifin nononta ba ne, kada kowa ya gaya mata haka.

Alamun da ba a kwana da su a gida

Akwai lokacin da abin ya wuce tumbuɗi. A tafi asibiti ba tare da jinkiri ba in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: amai kore ko ruwan ɗorawa mai ɗan kore, jini a amai ko a kashi, amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane shan nono a jariri ɗan ƙasa da wata 2, domin yana iya zama ƙofar fita daga tumbi ce ta tsuke, kuma ƙaramin aiki yana gyara ta, ciki ya kumbura, maɗiga ta taso ko ta faɗa, zazzaɓi, yaro ya ƙi nono ko ya yi laushi, nauyi ya tsaya ko yana raguwa, numfashi ya ɗauke ko launin yaro ya canja. A fatarmu, ba a fuska ake fara ganin wannan canji ba. A duba leɓe da dasashi da harshe, in sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka.

Abin da za a yi a gida

A ci gaba da ba da nonon uwa zalla har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai maimakon a cika masa ciki a lokaci guda. A sa shi ya yi gyatsa a tsakiyar shan nono da bayansa. A riƙe shi a tsaye a ƙirji ko a kafaɗa na minti 20 zuwa 30 kafin a kwantar da shi, mai riƙon kuma ya kasance a farke. Kada a ɗaure masa ciki tamau, kada a yi ta cilla shi sama da wasa bayan ya ƙoshi. A nisanta shi da hayaƙin taba da na murhu.

Akwai abubuwa uku da muka gada waɗanda ya kamata mu faɗi gaskiya a kansu. Na farko ɗura, wato a toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu ko ruwa. Yaron da abinci ke dawo masa sama, in aka yi masa ɗura, ruwan yana iya bin hanyar iska ya shiga huhu. Na biyu jiƙo da bauri da ake ba jariri don a wanke masa ciki. Na uku cire beli a wurin wanzami da nufin tsayar da amai. Beli ba shi ne ke kawo tumbuɗi ba, cire shi kuwa yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Kakanninmu da ƙauna suka yi waɗannan abubuwa, amma yanzu mun san abin da suke haifarwa.

Haka kuma kada a je kemis a sayo maganin gyambon ciki na manya a ba jariri. Magungunan rage tsamin ciki ba sa hana tumbuɗi, likita ne kawai zai san yaron da ke bukatarsu. Maganin ranitidine, da aka daɗe ana ba yara, hukumar magunguna ta Amurka ta sa an janye shi daga kasuwa a 2020. Kada kuma a kaurara wa bakwaini madara da gari ko wani abu sai da umarnin likita.

Yadda za a kwantar da shi

A nan ne iyaye da yawa suke jin tsoro. Uwa takan ce, in na kwantar da shi rigingine ai zai ƙware da tumbuɗin. Ga yadda halittar take: idan jariri yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, don haka abin da ya dawo yakan koma hanyar abinci ya haɗiye. In yana ruf da ciki, hanyar iska ce ke ƙasa. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a daina kwantar da jarirai ruf da ciki, a 1994 aka fara babban gangamin wayar da kai a kan haka, kuma mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Jagorar ƙungiyar ta 2022 ta sake nanata cewa ko mai tumbuɗi ma rigingine za a kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai tauri, a miƙe, babu filo, babu bargo mai nauyi.

Kada a ɗaga masa kan katifa ko a jingina shi da matashi. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye gadajen jarirai masu gangara kimanin miliyan 4.7 bayan rahoton mutuwar jarirai fiye da 30, a 2022 kuma Amurka ta yi doka ta hana sayar da irinsu. Muna faɗin haka domin kayan jarirai na gwanjo suna shigowa kasuwanninmu. Kan jariri yana da nauyi, in yana jingine sai ya sunkuyo ya toshe hanyar iska. Ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa, a nasa wurin kusa da ita, cikin gidan sauro. Kada a yi barci da shi a kan kujerar kushin.

Na'urar gadin numfashi

Bakwaini yakan manta da numfashi na ɗan lokaci domin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da wannan aiki bai nuna ba. In tsayawar ta kai daƙiƙa 20, ko bugun zuciya ya sauka tare da ita, likitoci suna ɗaukar ta da muhimmanci, kuma sukan ba da maganin kafeyin. Wasu yaran ana sallamar su da na'ura mai ɗamara da ake zagaya ƙirji. Tana lura da motsin ƙirji da bugun zuciya, ta yi ƙara in abu ya sauya. An fi samun ta a Amurka da Turai, amma 'ya'yanmu da ke can suna amfani da ita, wasu kuma suna aiko da irinta gida.

Mu fahimci iyakarta. Amfani da ita ya yaɗu bayan wani rahoto da Dakta Alfred Steinschneider ya buga a 1972, wanda ya danganta ɗaukewar numfashi da mutuwar fuju'a. Daga baya, a 1995, kotu a jihar New York ta tabbatar cewa biyu daga cikin jariran da ke cikin rahoton, kashe su aka yi. Wani babban bincike a kan jarirai fiye da 1,000 da aka buga a 2001 bai nuna cewa ɗaukewar numfashi ce ke kai ga mutuwar fuju'a ba, a 2003 kuma likitocin yara na Amurka suka ce kada a ba da na'urar da nufin hana irin wannan mutuwa. Tana da amfani ga yaron da likita ya zaɓa mata, amma mai gadi ce kawai. Ihu take yi, ba ta numfashi a madadin yaro. Safar ƙafa mai haɗe da waya da ake talla ita ma ba ta maye gurbin kwanciya rigingine.

In ta yi ƙara, a fara duba yaro kafin a duba na'ura. Yana numfashi? Yaya launin leɓensa? Sau da yawa waya ce ta kwance ko ɗamara ta goce. In ba ya motsi, a shafa bayansa, a ɗan murza tafin ƙafarsa. Kada a girgiza jariri ko kaɗan, domin girgiza tana sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. In bai farfaɗo ba, a fara taimakon numfashi da danna ƙirji, wani kuma ya nemo abin hawa. Wannan taimako ba a koyon sa daga takarda. Kafin a bar asibiti, uwa da uba da kaka su roƙi ma'aikatan jinya su koya musu da hannu.

Kada a shafa mai ko hoda inda ɗamarar ke zama. A cire ta kafin wanka. A bi da wayoyin ta ƙasan riga don kada su naɗe wuya. A tabbata batir a cike yake saboda ɗaukewar wuta, a kuma gwada ko ana jin ƙararta daga madafa in janareta na aiki. A ajiye littafi a rubuta lokacin kowace ƙara da yadda aka sami yaro, a kai wa likita. Shi ne zai faɗi ranar da za a daina amfani da ita. Inda babu na'ura, ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, dabarar da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya a 1978, tana ɗumama shi ta daidaita numfashinsa, muddin mai riƙon a farke take.

Rabon ikilisiya

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar irin wannan yaro takan yi watanni ba ta sami barcin kirki ba, kunnenta na kan na'ura, hannunta na cikin ruwan wanki. Gajiya irin wannan tana kai mace ga baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwa, wanda ciwo ne da ake magani. Magidanta, ku raba dare da matanku. Zumuntar mata, ku tsara wadda za ta je ranar Litinin da wadda za ta je ranar Laraba, a ɗebo ruwa, a yi wanki, a bar mai jego ta yi barcin awa biyu. A zaɓi mata biyu ko uku su koyi taimakon numfashi, don uwa ta sami wanda za ta bar wa yaro da kwanciyar rai. Dattawa, a san wanda ke da mota ko babur da za a iya tasa da tsakar dare, a kuma ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin zuwa asibiti.

Mai mura ko tari ya aika da gaisuwa, ya dakata da ziyara. Ranar suna ko ranar da aka kawo yaro sujada, kada a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. In uwa ta yi makonni ba ta zo sujada ba, kada a sa mata ido, a bi ta gida. Mu yi addu'a tare da ita, mu kuma raka ta wurin likita, domin babu ɗayan da ke hana ɗaya.

Allah ya raya mana waɗannan ƙanana, ya ƙarfafa iyayensu, ya ba mu zuciyar ɗaukar nauyin juna.