Isnadin Mai Bincike: Laburare da Neman Tushen Magana

 

A makarantar zaure, in ɗalibi ya kawo magana, malam kan tambaye shi, "A wane littafi ka gani? Wa ya biya maka?" Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya wallafa, Ida'un Nusukhi, inda ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da suka karantar da shi. Saboda haka manazartar da muke jerowa a ƙarshen kundin digiri ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Isnadi ce, kuma laburare shi ne wurin da ake bin isnadin har a kai tushe.

Bari in kawo misali. Ɗalibai da yawa kan rubuta cewa Bagauda ya fara sarautar Kano a shekarar 999. In ka tambayi ɗalibi inda ya samo, sai ya ce a wani kundi, shi kuma mai kundin daga wani kundin ya kwafo. Wanda ya daure ya bi sawu zai tarar da fassarar Tarihin Kano da H. R. Palmer ya buga a 1908. Nan zai gane cewa matanin Larabcin tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, shekarun Miladiyya kuwa lissafi ne aka yi daga baya. Wanda ya san haka zai rubuta 999 da taka-tsantsan, ya kuma faɗi mai lissafin. Gani ya kori ji.

To, yaya ake bin sawun? A fara da katalog, na kati ne ko na kwamfuta, a rubuta lambar littafi kafin a nufi kanta. A laburaren da ke bin tsarin Laburaren Majalisar Amurka, tarihin Nijeriya yana ƙarƙashin DT515, harshen Hausa kuma ya fara daga PL8231. In ka isa kantar, ka duba littattafan da ke dama da hagu, domin an jera su ne bisa dangantakar fanni. Sau da yawa maƙwabcin littafin da ka je nema ya fi shi amfani.

Sai mujallun ilimi, waɗanda masana ke tantance maƙalunsu kafin a buga. Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero tana nan a kan takarda, wasu kuma suna cikin rumbunan intanet irin su JSTOR da AJOL. In ka samu maƙala mai kyau, manazartarta za ta kai ka ga magabatanta, Google Scholar kuma ya nuna maka waɗanda suka ambace ta daga baya, har da masu yi mata raddi.

Kada ku raina ma'aikacin laburare. Fanni ne ya karanta, kuma matambayi ba ya ɓata. Shi zai ce maka abin da babu a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello wataƙila yana Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, ko a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke garin, ko cikin tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939.

Roƙona gare ku guda ne. Duk abin da kuka ɗauko, ku rubuta sunan marubuci da shekara da shafi nan take. Littafin da ba ku buɗe da hannunku ba, ku faɗi wanda kuka ji shi daga gare shi. Wata rana wani ɗalibi zai ɗauko kundinku daga kanta, ya gaskata ku ba tare da ya taɓa ganinku ba. Ku bar masa hanyar da zai bi ya tabbatar.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.